Ƙafafun Ɗan Fari

Ni mace ce mai murya, kuma ban taɓa ɓoye wannan ba. Tun ina yarinya a gidanmu na Anka, idan na ƙwala wa ƙanena kira daga madafa, masu karatu a zauren Baba sai sun ɗaga kai daga allunansu. Inna takan dube ni ta ce, "Ke wace irin ɗiya ta? Magana kike ko shela?" Amma duk bakin nan nawa, akwai mutum ɗaya da na yi shekaru ban iya cewa uffan a kansa ba, shi ne ɗan da na fara haifa.

Mijina malamin firamare ne, Malam nake ce masa. Bafulatani ne, iyayensa suna zaune a wata ruga kusa da Bukkuyum, suna noma suna kiwo. Ni na ga ina son sa, shi ma ya ga yana so na, aka ɗaura. Na haifi yaron a shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ƙato da shi, mai cika hannu. A gidanmu ma uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. To a wajen dangin Malam abin ya ninka namu. Fulako suke ce masa, kuma ba sa wasa da shi. Da lokacin yaye ya yi, uwar mijina, wadda kowa ke kira Goggo, ta zo ta goya shi ta tafi da shi ruga. Ba zuwan wata guda ba ne a dawo da shi, ya zama nata ke nan. Haka aka yi wa Malam, haka aka yi wa ubansa. Ranar na wanke duk tukwanen gidan, har waɗanda ba a yi girki da su ba. Ban yi kuka a gaban kowa ba, kuma aka yi ta yaba mini.

Da farko babu abin damuwa. Ruga ce, nono har a ba kare. Idan muka je gaisuwar Sallah nakan hango shi ta gefen ido, tumbi a gaba, yana bin 'yan maruƙa. Na sake haihuwa, mace, ita kam na saki jiki da ita, na yi mata duk wasan da na hana kaina yi wa yayanta.

Sai annobar shanu ta shigo. Bayanta kuma damina ta yi gardama, gero ya bushe a tsaye. Garken Baffa, wato uban Malam, ya kwanta kusan duka. 'Yan da suka tsira, ƙannen Malam suka kora su kudu neman ciyawa. Aka bar ruga babu nono, abin da ko a mafarki ban taɓa zaton gani ba. Tuwon masara suke ci da miyar kuka tsararo, wata rana ma gishiri da barkono kawai.

Idan wani ya zo daga can, ni ce mai kai masa ruwa. Sai in tsuguna in tambayi Baffa, in tambayi ciwon gwiwar Goggo, in tambayi rijiya, in tambayi kaji, har kare sai na tambaya, ko Allah zai sa bakin mutum ya kuɓuce ya ambaci yaron. Sai a ce, "Kowa lahiya lau." Nan maganar take tsayawa, ni kuma ba ni da damar matsawa.

Yana da shekara biyar aka yi suna a rugar, ƙanwar Malam ta haihu. Muka je ni da 'yata, tana da uku. Tun daga bakin shinge na ga Baffa ya zama wani mutum daban. Da can dattijo ne mai sanyin magana, wanda saniya ke zuwa da kanta ta lashi hannunsa. Yanzu yana zaune gindin wata ƙirya, yana fuskantar wurin da garke yake kwana da, babu komai sai turaku. Jim kaɗan sai ya zabura ya daka tsawa, ya maka sanda a ƙasa. Ba da kowa yake ba. Kaza ta gifta, tsawa. Yaro ya yi dariya, tsawa. Mata suna aikin suna suna magana ƙasa-ƙasa kamar a gidan rasuwa.

Na duba cikin yaran da ke tsakar ruga, ban ga nawa ba. Na sake dubawa. Ba halin tambaya. Allah da ikonsa, 'yata mai shegen yawo ta kutsa cikin ɗakin Goggo, na bi ta don in fito da ita.

Ɗakin da duhu, sai da idona ya saba. Yana zaune kan wata tsohuwar tabarma. An jera karan dawa a ƙafafunsa tun daga gwiwa har idon sawu, an naɗe da tsumma tamau. Da ya gan mu ya kama ƙafar gado ya miƙe da ƙyar. Ƙanwarsa ta je ta tsaya kusa da shi tana kallon kararen, sai na ga ta fi shi tsawo. Wallahi ta fi shi. Wuyan hannunsa ya kumbura, goshinsa ya turo, haƙarƙarinsa duk ƙulle-ƙulle kamar 'ya'yan carbi. Ko cikin ɗaurin ana ganin ƙafafun sun yi baka. A daidai lokacin Baffa ya sake daka tsawa a waje. Yaron bai yi kuka ba. Fitsari kawai na ga yana bin kararen, sannan ya rarrafa ya shige ƙarƙashin gado.

Goggo ta shigo ta same ni tsaye. Ba ta ɓoye mini komai ba, ita a ganinta ƙoƙari take. Ta ce, "Ƙahwahunai sunka lanƙwashe tun bara. Maɗori na zuwa duk ran kasuwa, shina miƙe mai su shi ɗaure. Na aje shi ɗaki don bakin mutane." Wata daga cikin matan da ke bakin ƙofa ta ce, yadda zan ji, ai daman yaron da ya sha ciki haka yake ƙarewa. Wato ni na shayar da shi da cikin ƙanwarsa. Ƙarya take, sai da aka yaye shi da watanni na samu ciki, kuma ta sani. Ni mai bakin nan, kun san abin da na ce? Na ce, "Allah shi ba da lahiya." Kamar ɗan maƙwabta. Na ɗauki 'yata na fita.

Muka koma Anka. Na samu Malam yana gyaran kekensa a tsakar gida, na ce, "Malam, yaron can na wajen Goggo."

Ya ce, "Wane yaro?"

Na ce, "Kai ka san wane."

Bai ɗago ba. Ya ce shi ma ya gani a zuwansa na baya, kuma abin na damunsa, amma me zai ce wa Goggo? Uwarsa ce. Ya je ya ce mata ba ta iya riƙo ba? Ya ce Allah na nan. Na ce na san Allah na nan, maɗori ma na nan duk ran kasuwa. Ya ci gaba da juya ƙafar keke, ni kuma na ji kamar in ɗauki keken in jefa rijiya.

Na tafi gida wajen Inna, ina zaton ita za ta tsaya mini. Ina! Ta ce, "Ki kama bakinki. Ɗan hwari ba naki na ba. Kina so a ce ɗiyar malam ba ta da tarbiyya?" Ta ba ni rubutu in aika masa. Na karɓa, don rubutun Baba ba abin rainawa ba ne, amma na fito zuciyata na tafasa.

Abin da ya hana ni sakat shi ne maganar miƙewar nan. Na tambayi wata maƙwabciyata da aka taɓa yi wa ɗanta ɗori, ta ce ai riƙe yaro ake yi, mutum biyu, a ja. To wannan karaya ce, sau ɗaya ake ja a huta. Nawa kuwa duk mako.

Ranar kasuwar Bukkuyum ta zagayo, na kai 'yata wajen Inna na ce zan je sayayya. Na shiga a-kori-kura tare da masu buhunan barkono. Daga inda aka sauke ni na taka da ƙafa, hantsi ya ɗaga sosai kafin in hango bukkokin. Ban kai shinge ba na ji ihunsa. Rabona da jin muryar yaron nan tun yana goye, amma ban tambayi kowa ko wane ne ba.

Na faɗa ɗakin ko sallama babu. Mata biyu sun danne shi, maɗorin yana riƙe da ƙafa ɗaya. Tsoho ne mai mutunci, ya gyara karaya da yawa a ƙasar nan, ba na zaginsa. Na ce, "Baba, cika shi." Ya dube ni, ya dubi Goggo, ya saki. Daga baya aka ce mini shi kansa ya sha faɗin cewa wannan ba aikinsa ba ne, Goggo ce ke roƙonsa. Na tsuguna na kwance ɗayar ƙafar, na watsar da kararen waje. Na cire mayafina, na duƙa, na ɗora shi a bayana na ɗaure.

Tsakar ruga ta ɗauki salati. "Subhanallahi! Ɗan hwari! Gaban surukai!" Wata har da rufe fuska, sai ka ce tsirara na fito. Goggo ta sha gabana ta ce, "Ke, ba ki da kunya?"

Na ce, "Ta ƙare yau, Goggo. In ta dawo ina aiko miki."

Na ratsa ta gefenta. Baffa ya miƙe gindin ƙiryarsa da sanda a hannu, na ce a raina to yau sai dai a yi wadda za a yi. Na wuce ta gabansa, na ce masa ina wuni, ban tsaya ba. Bai tare ni ba. Yaron a bayana bai kai nauyin tulun ruwa ba, kuma ya sandare, bai san yadda ake kwantar da kai a bayan uwa ba. Har muka kai bakin hanya hannuwansa suna nan a ƙanƙame a ƙirjinsa.

Ban nufi Anka ba. Na san in na kai shi gida, kafin la'asar Malam zai ɗora shi a keke ya mayar, yana ba da haƙuri. Na tari motar Gummi, inda yayata take aure. Mijinta masunci ne, gidansu ba nisa da gulbi. Yaya ta gan ni da ƙaton goyo ta dafe ƙirji ta ce, "Wace tsiya kij jawo muna?" Na sauke shi na tsayar a gabanta. Ta dubi ƙafafun, ta rufe baki, ta je ta ɗora ruwan wanka.

Washegari muka kai shi wani ƙaramin asibiti. Muka samu wata ma'aikaciyar jinya, dattijuwa, 'yar kudu ce amma ta daɗe a ƙasarmu har Hausa ta zauna a bakinta. Ta tattaɓa wuyan hannunsa, ta shafa haƙarƙarinsa, ta tambayi abin da yake ci da inda yake wuni. Muna cikin haka ɗan Yaya da ya biyo mu ya kai hannu zai taɓa kwalaben magani, na daka masa tsawa irin tawa. Ɗan Yaya ko a jikinsa. Nawa kuwa ya dunƙule wuri ɗaya yana kakkarwa, idonsa na neman inda zai shige. Matar ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juyo kaina.

Ta ce abu biyu ne suka haɗu a kansa. Na farko, ƙashi gini ne, kullum jikin yaro na gininsa, kuma kayan ginin suna cikin nono, da ƙayar kifi, da riɗi, da ganye irin su kuka da zogale. Rana tana taimaka wa jiki ya kama su. Shi kuwa an bar shi da tuwo zalla, an kuma kulle shi a duhu, sai ƙashin ya yi taushi ya lanƙwashe ƙarƙashin nauyinsa. Na biyu, ta ce akwai wasu 'yan abubuwa ƙanana a saman ƙoda, idan mutum ya firgita suna zubo wani sinadari cikin jini, jiki ya bar duk abin da yake yi ya shirya gudu. In sau ɗaya ne ba komai. Amma yaron da ke kwana da tsoro ya tashi da tsoro, sinadarin ba ya sauka, sai jiki ya daina gini, har ya riƙa zarar abin da ke cikin ƙashin. Ga shi ba ya samun barci mai nauyi, alhali a cikin irin wannan barcin ne yaro ke yin tsawo.

Ta ce, "Ko kin cika shi da nono har wuya, in bai daina tsoro ba, ba zai motsa ba. Ke kuma tun daga bakin ƙofa nake jin muryarki."

Yaya ta fashe da dariya. Ni ban yi ba. Na ce, "To ƙafafun za su miƙe?" Ta ce tun da yana ƙarami akwai rabo, amma ba ta yi mini alkawari, tsawo kuma sai abin da Allah ya yi. Ta ba mu wani mai a kwalba, mai ƙarni, ta ce a riƙa ba shi a cokali. Ta ce kada kowa ya sake ɗaure shi.

Nono a lokacin ya yi wuya ko a kasuwa, amma kifi ga shi a ƙofar gida. Mijin Yaya yakan zo da 'yan mitsi-mitsin kifayen nan da ake shanyawa a kan tabarma, waɗanda ba a ɗauke su bakin komai ba. Na riƙa gasa su sama-sama, in daka da kai da ƙaya da komai, in tankaɗe. Matsalar ita ce an rene shi a gidan da ba a cin kifi, ƙyamarsa suke. Ya ji warinsa a kunu ya kau da kai. Da can da sai in matse hanci in ɗura, haka aka yi mana mu ma. Yanzu ba dama. Na zauna na yi ta dabara, na soya riɗi na haɗa, na ƙara ƙuli-ƙuli da ɗan gishiri, ya zama kamar yajin tsire. Na zuba a tafin hannuna ina lasa ina lumshe ido, ban ko kalle shi ba. Sai da aka kwana biyu ina wannan wasan sannan na ji ɗan yatsa ya dangwali hannuna. Daga nan na samu hanya, a miya, a kunu, a kwaɗon zogale, ko'ina sai na barbaɗa.

Da hantsi nakan kai shi bakin fadama, inda mata ke wanki, in zaunar da shi a rana babu riga. Mutane su yi ta kallon ƙafafun, wasu su ce wayyo. Su kalla mana! Kallon ba ya lanƙwasa ƙashi, wannan kam na riga na ji daga bakin wadda ta sani.

Wahalar gaske ita ce muryata. Ku yi tunani, mace irina a ce ta yi magana a hankali daga safe har yamma! Akuya ta ci tsakin da na shanya, in bi ta da ido kawai. 'Ya'yan Yaya su kifar da ruwa, in ce "Allah shi shirye ku" cikin lallashi. Yaya takan ce, "Wa ar rasu? Kina magana awa mai takaba." In abin ya cika mini ciki sai in ɗauki taɓarya in huce a kan kifin nan. Ina jin ba a taɓa dakan da ya yi laushi irin nawa ba a duk Gummi.

Wata rana bayan azahar ina zaune ina tsince shinkafa, ya matso da kansa ya jingina da cinyata. Ban motsa ba. Can sai na ji nauyinsa ya sauko gaba ɗaya. Barci yake, baki buɗe, miyau na zuba a zanena, hannuwan nan da kullum suke ƙanƙame sun saki. Ƙafata ta mutu, tukunya ta kama a kan wuta ina jin ƙauri, na ƙi tashi. Yaya ta zo za ta yi magana na yi mata alama da hannu, ta je ta sauke tukunyar da kanta.

Malam ya zo bayan 'yan makonni. Ya tsaya a zaure ya aiko a ce in fito da yaron. Na fito da shi a goye, da gangan. Malam ya kau da kai don kunya. Na sauke shi a gabansa, na ɗage masa riga, na ce, "Duba. Na san ba ɗanka na ba, ɗan Goggo na. Amma dai duba." Na faɗa masa duk abin da matar asibiti ta ce, a hankali, abin da ya fi ba shi mamaki ke nan ina ji. Ya duba. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya juya ya fuskanci bango yana gyara hula. Ya tafi bai ce a ba shi yaro ba. Ran kasuwa mai zuwa sai ga direba ya sauke mana akuya mai shayarwa da ɗanta, ya ce daga Anka, babu wani saƙo. Ban taɓa son mutumin nan kamar ranar ba.

Bayan an yanke shinkafa na koma ɗakina da yaron, na ɗauko 'yata daga wajen Inna. Malam ya aika wa Goggo cewa ana yi masa magani, sai ya gama. Wannan kalma ta "sai ya gama" ita ta zauna mini a ƙirji, don na san ma'anarta: ranar da ya warke za a zo ɗaukarsa. A Anka kuwa na zama abin nuni. Ga marar kunyar nan mai goyon ɗan fari. A bikin dangin Malam in na yi gaisuwa wasu sai su amsa wa bango. Oho dai! Sunansa ne kawai ban taɓa faɗi ba, har yau, kuma ba zan rubuta shi a nan ba. Wannan kunyar na riƙe ta tun da ba ta cutar da kowa. Yaya ta ci gaba da aiko mini da busasshen kifi, ni kuma na ci gaba da daka.

Ƙafar hagu ta riga ta dama miƙewa. Ba abu ne da ake gani yau da gobe ba, sai dai wata rana na lura wandonsa na Sallah ya ɗage ya bar idon sawu a waje. Na kai wandon wajen Inna na shimfiɗa mata a cinya. Ta juya shi, ta juya shi, ta ce, "Ke dai Allah shi shirye ki," amma tana murmushi. Ya fara fita wasa, ya fara dawowa da ƙujewa a gwiwa. Ranar da ƙanwarsa ta ɗauke masa ƙwallon tsumma ya buɗe baki ya daka mata tsawar da ta tashi kaji, na ce a'a, ashe muryar tana nan! Ranar tsokar da ta fi girma a miya shi na ba. Tsawo kam bai taɓa yin na a zo a gani ba, yau ma gajere ne a cikin 'yan'uwansa. Amma a tsaye yake cak, kuma duk wanda ya gan shi ba zai ce an taɓa jera masa kara ba.

Yana da shekara bakwai da wani abu, ya shiga firamare, sai ga Goggo da rana tsaka, ɗauke da ƙwaryar nono da curin man shanu. Ta tsufa ƙwarai. Shanun da aka kai kudu sun dawo sun fara haihuwa, Baffa ya samu abin kallo ya daina tsawa. Na shimfiɗa mata tabarma na kawo ruwa. Ni ban taɓa ƙin matar nan ba. Na samu labarin cewa a shekarar yunwa nata tuwon take ba shi ta kwana haka. Abin da ta sani ta yi.

Ya dawo daga makaranta ya gan ta, ya je ya tsuguna ya gaishe ta da Fulatanci. Ta jawo shi, ta bi ƙwaurinsa da hannu tun daga gwiwa har ƙasa, wannan ƙafa da waccan. Ta ɗago ta dubi Malam, ba ni ba, ta ce, "Magani ya ƙare. Nono ya dawo. Ɗakina babu kowa."

Malam ya sunkuyar da kai. Na jira shi, na ga ba zai ɗago ba. Sai na durƙusa a gabanta, na yi magana da ƙaramar muryar nan da na sha wuya kafin in koya. Na ce, "Goggo, kin riƙe shi da zuciya ɗaya, ni shaida ta. Amma ba shi komawa. In an yi hutu ni da kaina ina kawo miki shi, in zauna, in dawo da shi."

Ta jawo ƙwaryar da ta zo da ita. Ta juye nonon a ƙwaryata, ta ɗauraye tata, ta miƙe. Ta ce, "To shi raka ni tasha, shi ɗaukam man ƙwarya."

Nan na shiga tsaka mai wuya. In ta kai shi tasha ta ɗora shi a mota, babu mai hana ta, duk Anka za su ce hakkinta ta ɗauka. In na ce ba zai je ba, na kira uwar mijina ɓarauniya a gaban ɗanta. In kuma na ja shi gefe na ce ya yi hankali da ita, na mayar masa da tsoron da na yi shekara biyu ina cirewa. Na ɗora masa ƙwaryar a kai da hannuna, na ce ya riƙe da kyau.

Na tsaya a ƙofar gida ina kallon su har suka sha kwanar masallaci, tsohuwa a gaba, shi a baya. Malam ya fito ya tsaya bayana, na ce ya koma ciki, don in ya yi magana a lokacin ban san abin da zai fito daga bakina ba. Masu tallan la'asar suka wuce. Maƙwabciyata ta leƙo ta tambaye ni ko lafiya, ni dai idona na kan kwanar. Can na jiyo ƙahon motar Bukkuyum, irin wanda direba ke dannawa in ya cika zai tashi. Na ji ƙarar injin tana nisa har ta ɓace. Layin babu kowa sai wata tunkiya. Na dafa bango.

Sai ga shi ya ɓullo ta kwanar masallaci a guje, takalmi ɗaya a hannu, ɗayan Allah kaɗai ya san inda ya yar. Ya tsallake kwata bai ko rage gudu ba, ya zo ya ci birki a gabana yana haki.

Na ce, "Ina Goggo?"

Ya ce, "Ta tahi. Ta sa ni cikin mota, ta aza ni bisa ƙahwa tana riƙe da ni. Da mota za ta tashi, sai tac ce ma yaron mota shi sauke ni."

Na ce, "Ba ta ce komi ba?"

Ya ce, "Ta ce in sheƙa gida da gudu, tana son ta gani."

Na juya masa baya don kada ya ga fuskata. Na ce ya shiga ya wanke hannu, abincinsa na nan a rufe.